Babin da Ban Sauke a Gaban Malam Ba

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, ina roƙonSa Ya hana ni yi wa kaina kwalliya a cikin abin da zan rubuta.

'Ya'yana, wata magana ce ta sa na keɓe wannan babi, wadda aka faɗa a gabana ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Maryam, ni kuma na yi gum. Baffanku Nuhu ne ya gabatar da ni ga baƙi, ya ce musu ni ne na sauke babban littafin fiƙihu na gidanmu a gaban mahaifinmu, har ya ba ni ijaza, wato izinin karantar da shi. Na ga yadda fuskokinku suka washe, musamman kai Abdullahi da har ka gyara zaman hula. Maganar ba haka take ba. Nuhu ba maƙaryaci ba ne, ƙauna ce ta sa ya gaskata abin da yake so ya kasance, shi ya sa ban kunyata shi cikin taro ba. Amma ku ba baƙi ba ne, kuma ba na so in mutu in bar ku kuna tinƙaho da abin da ban mallaka ba. Ga yadda aka yi a shekarar da na ajiye aikin koyarwa na tafi koyon gina shafukan intanet.

Kun san zauren kakanku a Likoro, ko da yake ku kun taso kun tarar an yi masa siminti da kwano. Mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Bayan la'asar manoma masu gemu suke taruwa a wurinsa, wasu da ƙasar gona a ƙafa, kowa ya ciro littafinsa daga gafaka ya jira a zo kansa. Ɗalibi ya karanta jimla da Larabci, Malam ya fassara da Hausa, ɗalibi ya ce na'am, a wuce gaba. A gidanmu ba a cewa mutum ya karanta littafi don kawai ya iya duba baƙi ya gane ma'ana. Sai ya durƙusa gaban wanda ya karɓe shi daga bakin wani, tun daga shafin farko har na ƙarshe. Babban littafin nan Malam ya karɓe shi ne wurin malaminsa a Paki, shi ma wurin nasa malamin, kuma Malam yana iya jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai ambaton kakanninsa. A cikin ɗalibansa babu wanda ya yi nisa a littafin sai ni. Nuhu tun yana saurayi ya zaɓi rake da masara, kuma Allah Ya sa masa albarka a ciki. Sauran ɗaliban kuwa yawancinsu sun kusa sa'annin Malam, ido ya fara gudu.

Shekara goma sha ɗaya ina jan littafin nan, domin ina koyar da Larabci a firamare a Nasarawan Doya, sai ƙarshen mako da lokacin hutu nake samun zama. A shekarar da nake ba ku labari babi ɗaya ya rage mini, na rabon gado. Shi kuma Malam ya kafa masa sharaɗi kamar yadda aka kafa masa a Paki: ba a karanta shi guntu-guntu, sai an zauna kwana arba'in a jere, domin mas'alolinsa hawa kan juna suke yi, wanda ya tsallake kwana uku sai ya koma farko. Kowace shekara sai mu ce bana, sai wani abu ya gitta.

Ina da shekara arba'in da bakwai abin ya same ni. Na je Ikara gaisuwar mutuwa, na zauna da wani tsohon abokina da ke riƙe da muƙamin sakataren ƙungiyar manoman tumatir. Ya nuna mini wani shafi a wayarsa da suka sa aka gina musu a Legas, wai manomi ya sa kayansa mai saye ya gani daga nesa. Shafi ya yi kyau ba laifi, amma Turanci ne zalla, kuma wanda ya tsara shi ya ɗauka da sikeli muke auna tumatir, alhali mu kwando muka sani. Ko manomi ɗaya ba ya amfani da shi. Na dawo a kan babur ina ta juya maganar a raina. Shekara ashirin da 'yan kai ina maimaita wa yara jimlolin da aka maimaita mini, ban taɓa haɗa ko akurkin kaji da hannuna ba. Ban raina karatu ba, Allah Ya sani. Amma na gaji da aji, muryata ma ta gaji, kuma rabon da in ji kwaɗayin wani abu ya kama ni haka tun ina saurayi.

Na shiga tambaya, aka ce mini akwai makarantu na 'yan watanni da ake kira butkam, inda ake ɗaukar mutum bai san komai ba a matsa masa har ya iya gina shafi. Biyu na samu da za su karɓi mai furfura. Ɗaya a Makarfi, saman wani bene kusa da kasuwa, kwana uku a mako har wata tara. Da ita zan iya kwana a Likoro, mu yi babin gado bayan asuba, in hau babur in tafi. Ɗayar a Kaduna take, wata huɗu, kwana shida a mako tun safe har yamma, dole mutum ya tare can.

Gida ya ɗauki zafi. Mahaifiyarku, Allah Ya saka mata, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"Maigida, da girmanka za ka ajiye aikin gwamnati ka je ka zauna da sa'annin Maryam kuna danne-danne? Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce musu karatu na tafi."

"Karatu ai ga shi nan a zaure ka baro."

Sai na rufe ta da faɗa, kamar yadda na saba in an ƙure ni. Nuhu shi bai damu da aikin gwamnati ba. Littafin ne a ransa, duk da bai karanta shi ba, ko kuma saboda bai karanta shi ba.

"Yaya, ka yi ta Makarfin kawai," in ji shi. "Malam ba yaro ba ne. In littafin nan ya fita daga gidanmu ba zai dawo ba."

Na tafi wurin Malam na shirya shan wa'azi. Na durƙusa na zayyana masa komai. Yana jan carbi ya jefo mini tambayar da ban zata ba.

"Su wane ne malaman?"

"Ban san su ba, Malam. Takardun tallarsu kawai na gani."

"Haruna, za ka miƙa wa mutum kanka ba ka san wanda ya karantar da shi ba? Nemo mota ka kai ni in ji su."

Haka kuwa aka yi. Tsohon da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, wanda idonsa ba ya rabe fuska sai an matso, shi ya hau matakalar benen nan na Makarfi yana dafe da kafaɗata, yana hutawa a kowane hawa uku. Mai makarantar ya tarbe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya nuna mana takardun shaida da aka jera a bango. A cikin ajin shiru kamar ana jarrabawa, ɗalibai suna kwafar abin da majigi ya haska musu. Bayan doguwar gaisuwa Malam ya tambaye shi wa ya karantar da shi. Mutumin ya ambaci ƙasashen da ya ce ya je, bai ambaci sunan mutum ko ɗaya ba. Malam ya tambaye shi wane shafi ya gina da mutane ke amfani da shi yanzu haka. Ya yi dariya ya ce shi ya wuce nan, yanzu masu ginawa yake ginawa. Daga ƙarshe Malam ya ce:

"To wannan ilimi naku, ina ƙarshensa?"

"Wata tara, Baba. Wanda ya gama da mu ya gama."

Malam ya yi masa addu'a muka sauko.

Bayan kwana biyu muka kama hanyar Kaduna. Makarantar wani tsohon gida ce da aka rushe bangon ɗakuna biyu aka mayar da su ɗaya. Tun daga ƙofa muka ji hayaniya, ɗalibai biyu-biyu a kan kwamfuta ɗaya suna gardama. Na ji kunya ta kama ni, na ce a raina na jawo tsoho cikin 'yan tasha. Da aka ce ga mai koyarwa, sai na ga wata yarinya ce siririya mai suna Bilkisu, da ƙyar ta girmi Maryam. Ta cire takalmi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Malam, ta tambayi gida da hanya da damina. Ya maimaita mata tambayoyinsa ba ragi. Ta ce wani Malam Yakubu ne ya koya mata, shekara biyu tana zaune kusa da shi a wurin aikinsa, shi kuma wata mata 'yar Jos ce ta koya masa. Ta ɗauko waya ta karanta masa shafin da ta gina wa wani ɗakin shan magani, wanda mata ke duba ranar awo a ciki. Da ya tambaye ta ƙarshen ilimin, sai ta ce:

"Wallahi Baba ban sani ba. Ko shekaranjiya wani ɗalibina ya tambaye ni abu, na ce masa ya ba ni kwana biyu in bincika. Har yanzu ban gama gano shi ba."

A hanyar dawowa, da muka wuce Zariya, Malam ya ce:

"Kaduna za ka je."

"Malam, babin gado fa?"

"Na Makarfi na tambaye shi abu uku ya ba ni amsa biyar. Yarinyar nan ta san inda iliminta ya tsaya, kuma ta san sunan wanda ya ba ta. Irinta ake zama a gabansu. Littafi ya jira ka shekara goma sha ɗaya, zai jira wata huɗu. In an yanke dawa ka dawo mu zauna."

A nan akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bakina Makarfi yake cewa, amma zuciyata tun farko Kaduna take. Na so ne wani ya ɗauke mini nauyin zaɓin, Malam kuma ya ɗauka. Da ya yanke hukunci na sunkuyar da kai kamar wanda aka tilasta, alhali murna ce fal cikina. Duk lokacin da na tuna wannan sunkuyon sai kunyar kaina ta kama ni.

Na tare a Kaduna bayan an gama noman farko, a ɗakin wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi. Makonnin farko ni ne zakaran aji, kuma dalilin zai ba ku dariya. Kod, wato rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, na ɗauke shi kamar yadda na ɗauki duk wani karatu da na taɓa yi. Abin da Malama Bilkisu ta nuna da rana sai in kwafe shi da hannu a littafi, bayan asuba in zauna in yi ta biya shi ina rangaji har ya zauna daram. Ana cewa a rubuta shafin da aka yi jiya, kafin yaran su gama leƙen na juna ni na zubo shi tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Suka laƙaba mini Alaramma. Na ji daɗin sunan fiye da yadda ya kamata, har ina ce wa kaina ashe abin da ake ta zuzutawa bai kai ƙaramin littafin nahawu wuya ba.

A wata na uku asirina ya tonu. Malama ta haɗa kowane ɗalibi da mutum na gaske mai buƙata ta gaske. Ni aka ba ni wata mata mai sayar da abincin kaji, tana son shafin da masu saye za su duba su ga wane iri ne ya rage a shago kafin su taso. Na lalube haddata kaf, babu abincin kaji a ciki. Kwana uku ina zaune gaban kwamfuta kamar baƙon da aka ajiye a tasha. Daga ƙarshe na zubo wani shafin kantin littattafai da na haddace, na canza sunayen kaya. Ya ƙi aiki. Malama ta jawo kujera ta zauna gefena ta duba.

"Baba Haruna, layukan nan goma ba ka buƙatar su. Share su mu gani."

"A share? Haka fa kika rubuta su."

"Na rubuta su ne don mai littattafai. Share."

Hannuna ya ƙi. Ku da kuka taso da waɗannan na'urori ba za ku gane ba. Ni an tarbiyyantar da ni a kan cewa matani ba a taɓa shi. In ka ga abin da ba ka gane ba, kai ne ba ka gane ba, sai ka rubuta bayani a gefe ka bar asali yadda yake. Na gaya mata haka. Ba ta yi dariya ba, Allah Ya yi mata albarka.

"Baba, wannan ba matani ba ne, fartanya ce. In ƙota ta yi maka tsawo ai ragewa kake yi."

Sannan ta faɗa mini abin da ya fi zafi. Ta ce wata uku ina hadda ban fara koyo ba, kuma ba za ta sa hannu a takardata ba. In ina so in ƙara mako shida tare da sababbin ɗalibai, ta zauna da ni mu sake tushe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da na haifi kamarta ta ce ban iya karatu ba, ni da manya ke tashi su ba ni wuri a Likoro. Na koma masauki na ɗaure jakata, na kira wayar Nuhu na ce ya kai wa Malam. Na kwashe komai na faɗa masa, ina jiran ya ce dawo gida, dama an fara yankan dawa.

"Malamarka ta sallame ka?"

"A'a, Malam, amma ai..."

"Wa ka taɓa gani ya tashi daga gaban malaminsa ba a sallame shi ba? Don ta gaya maka gaskiya? Kwance jakarka."

Na kwance. Kafin Nuhu ya kashe wayar ya fita waje ya rage murya.

"Yaya, tun da aka fara yankan dawa kullum sai ya sa an shimfiɗa buzu biyu a zaure. Kuma kwanan nan yana yawan cewa kansa na sarawa, hannunsa na dama yana yi masa nauyi. Na ce ko ku fara ta waya, ya ce ba a karɓar karatu daga wanda ba ka ga zamansa ba."

Na ce su kai shi a auna jininsa, in an rubuta magani a saya. Abin da na ce ke nan. Daga Kaduna zuwa Likoro ba tafiyar yini ba ce, da na so da na je ranar hutu na gan shi da idona, da wataƙila na gane abin da Nuhu yake ƙoƙarin gaya mini. Ban je ba. Ranar da na fara share layi da hannuna na ga shafi bai rushe ba, wani abu ya buɗe a kaina. Na fara gane dalilin kowane layi, na fara rubuta nawa. Ranar da matar nan mai abincin kaji ta danna wayarta ta ga buhunan shagonta sun fito daidai, ta ce in ji daɗi kamar yadda na jiyar da ita, na fita waje na share hawaye. Daɗin nan ne ya riƙe ni, ba umarnin Malam kaɗai ba. Ranakun hutun ma a gaban kwamfuta na cinye su, ina cewa saura kaɗan.

Saura kwana tara a sallame ni Nuhu ya kira da rana tsaka. Malam ya faɗi a hanyar masallaci zai tafi azahar. Na same su a asibiti a Zariya. Allah Ya bar mana shi, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Bakin da ya shekara hamsin yana fassara wa mutane addininsu ya koma ba ya iya neman ruwa. Na tsaya a gefen gadon da jakar kwamfuta a kafaɗa, ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani jakar nan a ranar ba. Nuhu bai ɗora mini laifi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na koma na ƙarasa kwanakina, Malama Bilkisu ta sallame ni da hannunta. Sana'ar ta karɓe ni. Na gina wa manoman Ikara shafinsu da Hausa, da kwando ba da sikeli ba, daga nan masu rake na Makarfi suka neme ni, aiki ya yi ta zuwa. Da ita na ƙarasa karatunku, da ita na aurar da ku. Ba zan yi muku ƙarya in ce na yi nadamar koyonta ba, kuma Malam bai yi kuskuren zaɓen malama ba. Abin da aka biya kafin a same ta ne nake so ku sani.

Da damina ta zagayo jikin Malam ya ɗan yi ƙwari, ana iya zaunar da shi a jingina shi da matashi. Nuhu ya zo mini da shawara.

"Yaya, Malam yana ji, magana ce kawai babu. Kai ka iya Larabci. Ka karanta babin, ka fassara da kanka, shi kuma ya saurara. In ya gyaɗa kai ai ya tabbatar. Kwana arba'in, kamar yadda ya ce."

Na yarda da sauri, domin ni ma abin da nake so in ji ke nan. Muka riƙa ɗauko shi bayan la'asar mu kai zaure, tsofaffin ɗalibansa su zauna a gefe. Ina karantawa ina fassarawa, in ɗago in dube shi, ya gyaɗa kai. Fuskarsa har haske take yi in ya ji Larabcin. Nuhu yana daga bakin ƙofa yana share ido. Mako uku muna haka, Malam bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba. Da farko na ce ƙoƙarina ne. Sannu a hankali abin ya fara damuna, domin na san mutumin nan. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa wuce shafi guda bai buga carbi a buzu ya ce in koma ba.

Rana ta ashirin da uku aka wuni ana ruwa, babu ɗalibin da ya zo, Nuhu kuma ya tafi duba gonarsa ta fadama. Daga ni sai Malam a zaure. Muka zo kan rabon 'ya mace tilo wadda ba ta da ɗan'uwa, mas'alar da ko ƙaramin ɗalibi ya san rabin dukiya take ɗauka. Na daɗe ina kallon shafin. Sannan na ɗaga murya yadda zai ji sosai, na ce kashi ɗaya cikin uku take ɗauka. Na maimaita, a hankali, ina kallon idonsa.

Ya dube ni da fuskar nan mai haske, ya gyaɗa kai.

Na nemi gafarar Allah, na sake karanta mas'alar daidai don kada ƙarya ta kwana a zauren, ya sake gyaɗa kai kamar na farko. Na goge masa gefen baki da hannun rigata. Muryar ɗansa yake ji yana karatu, ita yake wa murna. Babin gadon da ke cikin kansa, da duk abin da malaminsa na Paki ya faɗa masa wanda ba ya cikin takarda, ya riga ya rufu, kuma ni ne ban zo a kan lokaci ba.

Na ƙarasa kwana arba'in ɗin, domin zaman yana sa shi farin ciki, kuma ba ni da abin da zan ba shi da ya wuce wannan. Ranar ƙarshe Nuhu ya yanka rago, aka yi waina aka raba, ya tashi cikin mutane ya ce littafi bai fita daga gida ba. Na buɗe baki zan yi magana, na dubi Nuhu, na dubi Malam a jingine ana yi masa barka, na rufe. Malam ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni kafin Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da malamansa.

Shi ya sa kuka ga duk wanda ya zo karanta littafin nan wurina, in mun kai bakin babin gado nakan rufe in tura shi wurin wani malami a Paki wanda ya karɓe shi ta hanyarsa. Kun sha tambayata dalili ina cewa aiki ne ya yi mini yawa. Ba aiki ba ne. Kada ku kai wa baffanku wannan takarda yana raye, ku bar shi da abin da ke sanyaya masa rai. Amma kada ɗayanku ya sa sunana a jerin sunayen nan da Malam yake jerowa. In an tambaye ku, ku ce mahaifinku ya karanta littafin a gaban Malam har zuwa bakin babin gado. Sauran shi kaɗai ya karanta, Malam yana zaune.